Baitoci Uku da Na Soke a Waƙar Kofur Sa'idu

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin rediyo, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da wani manomi daga Darini ya zo har ƙofar gidana a Batsari da tambaya guda ɗaya a bakinsa. Na sha ba abokan aiki labarin a gutsure. Tunda kun ce in rubuta wani abu saboda sababbin ma'aikata, na ga gara in kawo shi a jere.

Kafin rediyo, aikina tafinta ne. Na yi shekaru ina bin fatake, daga baya ma'aikatan agaji, a Nijar da Chadi da Sudan, har na ɗan zauna a Turai. A nan na ƙara Larabci da Faransanci a kan Turancin makaranta da Fulatancin da na tsinta a ɗakin kakata. Da ƙarfi ya fara raguwa na dawo gida, sai wani gidan rediyo mai zaman kansa a birni ya ba ni shirin rubutattun waƙoƙi, rabin awa, sau ɗaya a mako. Ina tara waƙoƙin a Batsari, in shiga mota in je a ɗauki shirin, in dawo.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai san shi ba. Waƙa tana zuwa a takarda, wani lokaci ta waya. Ni ne mai tacewa na farko. Ina duba kari, wato nauyin da ke sa baiti ya reru, in duba amsa-amo, wato sautin da ake rufe kowane baiti da shi. Sannan in duba ko akwai zagi ko abin da zai ta da fitina. Abin da na cire ina ja masa layi da jan biro, ba na gogewa, takardar kuma ta shiga fayil a ofis. Daga nan sai shugabar sashen shirye-shirye, Hajiya Binta a lokacin, ta sa hannu. Da matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani a yankinmu, aka ƙara mana ƙa'ida: duk waƙar da ta shafi jami'an tsaro, ba a faɗin inda suke ko yawansu, ba a kuma sa abin da zai karya wa jama'a gwiwa. Wannan na ƙarshe ba wanda ya fayyace iyakarsa. An bar wa mai tacewa ya auna da kansa.

A damina ta uku da fara shirin, ina bayan babur za ni Safana, aka tsayar da mu a shingen sojoji. Ina gaishe su sai wani dogo mai igiya biyu a hannun riga, wato kofur, ya tsura mini ido.

"Baba, sake magana in ji."

"Me zan ce, ɗana?"

"Kai ne. Wallahi kai ne mai waƙoƙin nan na rediyo." Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya. "Na ɗauka wani ƙato ne. Ashe duk murya ce."

Ya ja ni gefe, ya zaro takarda daga aljihun ƙirjinsa, irin wadda ake yagowa daga littafin 'yan makaranta, ta sha ninki har ta fara tsagewa. Ya ce sunansa Sa'idu, mutumin wajen Gombe. Abokinsa Lawal, farabiti, wato soja marar igiya, ɗan Darini, an harbe shi wajen Runka kusan wata biyu da suka wuce.

"Ban iya waƙa ba, Baba. Ka gyara. Amma kada ka faɗi sunana, oga ba ya son irin wannan."

Da na koma gida na karanta. Baiti ashirin da ɗaya ne, karinsu duk a karye, amma akwai mutum a cikinsu. Ya faɗi yadda suka haɗu a wajen horo, da yadda Lawal ke raba ƙuli-ƙulin da aka aiko masa daga gida yana ƙirga wa kowa nasa, da yadda in suna wucewa a mota yake leƙa gonakin mutane yana kushe nomansu. Can wajen ƙarshe sai ga baitoci uku:

Na ɗora kansa a kan cinyata,
Jininsa na bin wandona har ƙasa.

Ya ce ruwa, ba ruwa a gorata,
Na matse rigata a bakinsa.

Ya kira innarsa sau uku yana kuka,
Na tuna masa kalma, ya amsa.

Ya kamata in faɗi abin da na riga na sani a lokacin, don kada a yi mini uzurin rashin sani. A Sudan na ji mata suna makokin mazansu da Larabci. Suna faɗin raunin, amma da alfahari, a ƙirji yake ba a baya ba, sai su koma kan tukunyar da ta huce da baƙin da suka rasa mai saukar da su. A Chadi wani makiyayi ya rera mini waƙar ƙaninsa da aka kashe, kusan duk waƙar a kan shanun da suka tsaya jiran mai su ce, zafin mutuwar bai taɓa shi ba ko da kalma ɗaya. A Turai kuwa na karanta waƙoƙin da sojojin da kansu suka rubuta bayan manyan yaƙe-yaƙensu: taɓo, ƙwarƙwata, saurayi yana riƙe da cikinsa yana kiran uwarsa, da fushi a kan dattawan da suka tura su. Farkon karantawa na ji musu kunya, daga baya na girmama su, har nakan yi wa mutane misali da su. Namu waƙoƙin mazaje kun san su. Mutum yana mutuwa a cikinsu, amma ba ya jin zafi. Ƙarfe ba ya shigarsa, in ya shige shi dariya yake yi.

Kofur Sa'idu bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya gani ya rubuta. Ni kuwa da na yaba irinsa a bakin Bature, da ya zo mini da Hausa, da sunan yaron ƙauyen da ke kusa da mu, sai na ga kamar an yaye wa mamaci likkafani a bainar jama'a. Na ce wa kaina ƙa'idar ofis ta hana, kuma ai mai waƙar ya ce in gyara. Na ja wa baitocin uku jan layi, na rubuta biyu a gurbinsu:

Ajali ya same shi tsaye kamar zaki,
Kirari ne a bakinsa har ya kai ƙasa.

Bai ce wayyo ba, bai nemi kowa ba,
Harsashi ɗaya, ya tafi da murmushinsa.

Na tabbatar an riga an sanar da iyalinsa rasuwar a hukumance, domin ba ma fitar da sunan mamaci kafin haka. Hajiya Binta ta karanta, ta ce wannan zai ƙarfafa gwiwa, ta sa hannu. Aka sa waƙar. Masu kira suka yi ta yabo, aka maimaita ta sau biyu, matasa suka riƙa tura wa juna a waya.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan, aka yi sallama da ni. Dattijo ne siriri, ƙafar wandonsa duk taɓo. Na shimfiɗa tabarma a zaure, muka gaisa, muka tambayi iyali da damina da zaman lafiyar hanya, muka sake gaisawa. Sannan ya ce:

"Ni ne Tukur, daga Darini. Yaron ga da ka yi ma waƙa, a gidana ya tashi."

Bai ce ɗana ba, bai kuma faɗi sunan ba. Na gane dalili. Lawal suna ne da aka fi sa wa ɗan fari, mutanenmu kuwa suna kunyar ɗan fari: uba da uwa ba su kiran sunansa, ba su nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko da ransa ko bayan ransa. Na yi masa ta'aziyya. Ba zan ɓoye muku ba, godiya nake jira.

"Alhaji, kana wurin?"

"Wane wuri, Malam Tukur?"

"Inda ya cika."

"A'a. Wani abokin aikinsa ne ya rubuto."

"Shi yana wurin?"

"Yana wurin."

Ya sunkuyar da kai. "Ke nan gaskiya ne. Da kirari ya cika."

A hankali ya ba ni labari. An kira shi birni, an yi jana'iza da shi, wani hafsa ya riƙe hannunsa ya ce yaron ya rasu a bakin aiki, ya yi jarumta. Iyakar abin da aka faɗa masa ke nan, shi kuma bai ga fuskar tambaya ba. Uwar yaron ko wannan ba ta samu ba, kuma ba ta da bakin da za ta tambayi kowa. Suna nan a haka sai waƙata ta shigo gidan ta rediyon maƙwabta.

"Yanzu a kasuwa uban zaki ake ce mani," in ji shi. "Ni kau ban haifi zaki ba. Mu nan in mutum ya rasu ba mu tambaya ko ya ji tsoro. Mi ya ce a ƙarshe, shi muke tambaya. Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ba ta ce mani komi ba. Sau ɗaya na ji ta tana faɗa ma bango, wai bai nemi kowa ba."

Na ce ai malamai suna kyautata zato ga wanda ya rasa ransa wajen kare jama'a.

"Liman ya faɗa mata. Ta ce to. Amma rediyo da kunnenta ta ji shi."

A nan ne na fahimci abin da na yi. Ni na ɗauki baitina ado ne, irin wanda kowa ya san ado ne. A gidan da ba a kai musu wani labari ba, shi ne labarin. Na sa wa yaro alfahari a baki a daidai lokacin da iyayensa ke roƙon Allah ya sa kalmar shahada ce a wurin.

Na ce, "Malam Tukur, baitin nan ba abokinsa ya rubuta ba. Ni na rubuta shi, a kan tabarmar nan da muke zaune. Abin da abokinsa ya rubuta shi ne ya cika da kalmar shahada."

Ya dubi tabarmar, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba.

"Jiya ka ce kirari, yau ka ce kalma. In na koma na faɗa mata, cewa za ta yi lallashi ne. Ka kawo takardar wancan da ke wurin."

Washegari na shiga birni. Na zaro takardar daga fayil na ajiye wa Hajiya Binta, na ce ina so a sake sa waƙar yadda mai ita ya rubuta. Ta karanta baitocin da ke ƙarƙashin jan layin, ta cire tabarau.

"Baba Alhaji, jini da kuka a rediyo, a halin da ake ciki? Ba zan sa hannu ba. Kuma an san waɗanda ke tare da shi lokacin da ya cika. Ka sa wannan, ka nuna yaron da ya rubuta da yatsa."

A kan na farko ban yarda da ita ba, a kan na biyu gaskiyarta ce. Muka daidaita a kan abu uku: a daina maimaita waƙar, in faɗa da bakina a shiri na gaba cewa baitoci biyu nawa ne ba na mai waƙar ba, kuma ta bar ni in fita da asalin takardar, abin da ba a yi, ta ajiye kwafi a fayil.

Daga nan sai Safana. Na sami Kofur Sa'idu da safe a teburin mai shayi kusa da shingensu. Yana hango ni ya ajiye kofi.

"Ga Baba mai zaki."

"Ka ji ke nan."

"Duk barikin an ji. Lawal da in za a yi mana allura sai an riƙe shi? Kun mai da shi fim ɗin Indiya."

"Kai ka ce in gyara."

"Kari na ce ka gyara, Baba. Ban ce ka gyara mutuwarsa ba."

Na faɗa masa zuwan Malam Tukur da halin da uwar take ciki. Fuskarsa ta sauya. Ya ce a bayan a-kori-kura suka ɗauko shi daga wajen Runka, ana ruwa, motar ta kafe a taɓo har sau biyu. Ya fi awa guda yana jin jiki, kafin su shigo Safana ya cika. Na ce ko zai bi ni Darini. Ya ce ba a barin bakin aiki sai da takardar izini, kuma ba zai iya faɗin dalilin neman ta ba. Na fito da rikoda na ce to ya karanta da muryarsa in kai musu. Ya karɓi takardar, ya fara, yana kaiwa wurin cinya muryar ta ɗauke.

"Kashe abin nan."

Na kashe. Ya karɓi birona, ya rubuta a ƙasan takardar cewa ya rantse da Allah da kunnensa ya ji Lawal ya yi kalmar shahada, har sau biyu. Ya sa cikakken sunansa.

"Sunanka fa? Ka ce kada a faɗa."

"Wannan ba rediyo za ta ba. Ka karanta musu kai, tunda kai ke da murya."

Hanyar Darini a lokacin da sassafe ake bin ta, a dawo kafin la'asar. Gero ya yi tsawo har ya rufe gefen hanya, mai babur ya yi ta gudu har muka isa. Malam Tukur ya shigar da ni zaure. Na lura bai shimfiɗa tabarmar a bakin ƙofar waje ba, inda ake saukar da baƙo. Can ciki ya kai ta, jikin asabarin da ya raba zauren da cikin gida. Ya ɗaga murya kaɗan, kamar da iska yake:

"Alhaji zai karanta takarda. Mai son ji shi ji."

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Akwai jini a ciki, akwai kuka. In tsallake wurin?"

"Ka tsallake sau ɗaya, mun ga abin da ya jawo. Karanta duka."

Na karanta daga farko, da karyayyen karinta, ban gyara ko gaɓa ɗaya ba. Da na zo wurin kushe gonakin mutane, Malam Tukur ya yi 'yar dariya ta hanci. "Halinshi ne. Shi da ko kunya ɗaya a gona bai iya kaiwa ƙarshe ba." Da na zo baitocin uku sai da na matso da takardar kusa da ido, domin layin da na ja ya bi ta kan haruffan. Na karanta su, na karanta rantsuwar da sunan mai rantsuwar. Malam Tukur ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya yi hamdala a hankali.

Sai murya ta fito daga bayan asabari, ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, koma baya kaɗan."

Na sake karanta layin kalmar shahada.

"Wannan na ji, na gode Allah. Wanda ke kafin shi."

Na dubi Malam Tukur. Shi ƙasa yake kallo. Na karanta: "Ya kira innarsa sau uku yana kuka."

"Sau uku?"

"Sau uku aka rubuta."

"To," in ji ta. Na ji tafiyarta ta koma ciki.

Kafin in tashi aka turo ƙwaryar fura ta ƙarƙashin asabarin. Malam Tukur ya ɗanɗana ya ce damunta ne, ya san hannunta. Ya roƙi in bar masa takardar. Ba ya karatun boko, amma na bar masa.

Abin da wannan ya koya mini game da aikinmu ba mai yawa ba ne, amma ban sake saɓa shi ba. Waƙar da ke mai da soja zaki tana da masu ita: waɗanda za su fita gobe suna bukatar ƙarfin zuciya, da mu da muke kwana a gida muna so a ce mana wanda ya mutu dominmu bai sha wuya ba. Waƙar da ke faɗin ƙishirwa da jini da kuka ita ma tana da masu ita: wanda ya riƙe kan, da wadda ta haifa. Na zaga ƙasashe na ga kowace al'umma tana karkata ga ɗaya, ban kuma ce ɗayar haramun ce ba. Amma mai tacewa ba shi da ikon ɗauke ta biyun daga hannun masu ita ya ba su ta farkon a madadinta. Tun daga ranar, kari nake gyarawa. In ƙa'ida ta tilasta in cire baiti, ina cirewa in faɗa wa masu sauraro an cire. Ban sake sa wa mamaci magana a baki ba.

A shirin da ya biyo baya na faɗa, kamar yadda muka yi da Hajiya Binta, cewa baitocin zaki da kirari nawa ne, ba haka abin ya faru ba, kuma ina neman afuwar iyalin da mai waƙar. Da aka buɗe layi wani ya kira daga Batsari, ya ce shi dai bai ga abin neman afuwa ba, waƙar mai zaki ta fi daɗin ji, a mayar da ita. Na ce masa gaskiyarsa ne, ta fi daɗin ji. Ba a gidansa aka yi rashin ba.